Yadda Na Kusa Salwantar da Tarihin Gidanmu da Dannawa Ɗaya

Ƙannena ɗaliban sakandare. Yau labarin wata wauta da na tafka a watan Fabrairun 2025 na zo muku da shi. Da farko na so in binne maganar don kunya, amma na lura da yawanku kun fara riƙe filash da memori, wasu har da rumbun ajiyar bayanai na tafi-da-gidanka, wanda masu shagon kwamfuta suke kira ekistanal. Abin da ya same ni yana iya samun kowa a cikinku, kuma Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ni ɗan Birnin Gwari ne. An haife ni a wani ƙaramin ƙauye da ke gefen dajin Kamuku, dajin da aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Lokacin da Yayana yake sakandare har yawon buɗe ido malamansu suka taɓa kai su ciki, suka ɗauki hotuna. Mu kuwa da muka taso daga baya, abin tsoro muka san dajin da shi. Bayan harin da aka kai Gwaska a watan Mayun 2018, inda aka rasa rayuka da dama, hankalin kowa ya tashi a ƙauyukan yankin. A 2019 muka bar ƙauyenmu muka dawo cikin gari da abin da za mu iya ɗauka. Daga baya muka ji an cinna wa gidaje da rumbuna wuta, har da namu.

Yaya yana da ɗan shagon kwamfuta a cikin gari, inda ake buga takardu da hoton fasfo da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Tun kafin mu taso ya yi wani tunani da a lokacin ban ga amfaninsa ba. Ya kwaso duk takardun gidanmu ya yi musu sikanin: takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, tsofaffin hotunan auren Baba da Inna, da takardar cinikin gonar Baba, wadda aka rubuta da ajami, mai ɗauke da sunayen shaidu da hatimin dagaci. Bayan mun dawo gari kuma, sau uku yana zaunar da Kakarmu yana naɗar muryarta. Ta faɗi asalin gidanmu, daga inda kakanninmu suka taso, wa ya haifi wa, da yadda aka sari ƙauyen. Duk ya zuba su a cikin wani baƙin ekistanal mai cin terabayit ɗaya, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba. Kaka ta rasu a 2020, Baba ya bi ta a 2022. Allah Ya jiƙansu.

Wannan ɗan akwati ya yi mana rana ba sau ɗaya ba. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Birnin Gwari, aka shafe kimanin wata biyu babu sabis. Ina aji biyar a lokacin. Duk wanda zai je Kaduna sai Yaya ya ba shi ekistanal ɗin a cika masa shi da tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB, da bidiyon darussan lissafi, da karatun Alƙur'ani. In ya dawo, sai mu yi layi a shago ana tura mana a waya. Shi ne ya zama intanet ɗinmu a watannin nan.

Da na shiga aji biyu a jami'a a Zariya, na roƙi Yaya ya ara mini shi in riƙa zuba bidiyon karatu. Ya ɗan yi jim, sannan ya miƙo mini. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ka kula da shi, akwai kayan gida a ciki." Na ce to, alhali hankalina yana kan tasha.

Ranar da abin ya faru

Wata Laraba da yamma ina kwafar wasu fayiloli daga kwamfutar abokina a ɗakin kwananmu, sai aka kira sallar magariba. Aikin bai gama ba, amma ina sauri. Na fizge wayar ekistanal ɗin daga jikin kwamfutar na jefa shi a jaka. Na sha yin haka a baya ba abin da ya faru.

Washegari da na jona shi a tawa kwamfutar, sai wani ɗan allo ya fito da Turanci, yana cewa sai an yi wa faifan fomatin kafin a iya amfani da shi. Maɓalli biyu ne a ƙasa, ɗaya na amincewa, ɗaya na kansul. Na cire na sake jonawa, saƙon ya sake fitowa. A ɗakin akwai wanda yake karatun kwamfuta, amma yana barci, ni kuma ban so a ce ban iya ba. Na ce a raina ai Yaya yana da kwafin komai a kwamfutar shago. Na danna amincewa. Cikin 'yan daƙiƙu aka gama, ekistanal ya buɗe fes, babu ko fayil ɗaya a ciki. Har daɗi na ji, wai na gyara shi da kaina. A cikin makon nan na zuba masa finafinai da bidiyon lacca na kusan giga 60.

Bayan kwana tara Yaya ya kira ni da daddare. Kun san tun watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, mutane suka fara leƙa gonakinsu a hankali, wasu da murna, wasu da fargaba. Da Yaya ya je tamu sai ya tarar daji ya cinye ta, itatuwan da suke nuna iyaka wasu an sare, wasu sun ƙone. Maƙwabcinmu na gona yana ganin iyakar a wani wuri, mu muna ganinta a wani. Ba mugun mutum ba ne, shekara biyar ce ta shafe alamomin. Dagaci ya ce kowa ya kawo hujjarsa kafin damina. Ainihin takardar kuwa tana cikin akwatin da wuta ta ci a ƙauye.

"Ka buɗe foldar da na rubuta wa Gida, ka turo mini takardar gonar Baba ta WhatsApp," in ji Yaya. "Inna tana nan zaune tana jira."

Na ce, "Yaya, ba ka da ita a kwamfutar shago?"

Ya ce, "Waccan ai tun bara faifanta ya mutu. Wanda ke hannunka shi kaɗai ya rage. Lafiya dai ko?"

An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Ni na ƙona namu ban ma san na ƙona ba. Na yi shiru har ya ɗauka layin ne ya yanke. Na so in ce masa an sace, don sata ƙaddara ce, ba za a ga laifina sosai ba. Amma na ji muryar Inna daga nesa tana tambaya ko na ci abinci, sai ƙaryar ta ƙi fita. Na faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Cire shi daga kwamfuta yanzun nan. Kada ka ƙara sa masa komai, kada ka goge komai. Gobe ka nemi wanda ya san aikin."

Abin da mai gyara ya koya mini

Mutum na farko da na kai wa ya ce in bari ya sake yi masa fomatin, wai zai dawo daidai. Allah Ya taimake ni na tuna gargaɗin Yaya, na karɓi abina na fita. Na biyu wani magidanci ne mai ɗan shago a Samaru. Tambayoyi uku ya yi mini kafin ya taɓa komai. Ya taɓa faɗuwa ƙasa? Yana yin wata ƙara kamar ƙas-ƙas in an jona shi? Fomatin ɗin ya ɗauki daƙiƙu ne ko awoyi? Na ce bai faɗi ba, ba ya ƙara, kuma daƙiƙu ne. Ya ce, "To, da sauran magana. Me ka zuba a ciki bayan nan?" Da na ce giga 60, ya dafe kai ya ce, "Samari, nan ne ka yi ɓarnar."

Ga yadda ya fahimtar da ni. Ku ɗauka ekistanal makarantar kwana ce mai ɗakuna dubbai, kuma akwai rajista a ofis da take nuna wane ɗalibi ne a wane ɗaki. Kwamfuta ba ta zagaya ɗakuna, rajistar kawai take dubawa. Lokacin da na fizge waya ana cikin rubutu, wani muhimmin ɓangare na rajistar ne ya lalace, shi ya sa kwamfuta ta kasa karantawa ta nemi a yi fomatin. A lokacin duk ɗaliban suna ɗakunansu lafiya lau. Fomatin na gaggawa, irin wanda na yi, yana kawo sabuwar rajista ce fara fat wadda take cewa duk ɗakunan babu kowa, amma bai kori kowa ba. Ɓarnar tana farawa ne idan baƙi suka zo. Kwamfuta za ta duba sabuwar rajista ta ba su ɗakunan da take zaton babu kowa, su kuma su watsar da kayan da suka tarar. Kowane fim da na zuba, a kan wani tsohon abu ya zauna, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan.

Ya ce da na danna kansul na kawo masa tun ranar farko, wataƙila aikin rabin awa ne. Tsarin NTFS, wanda ekistanal ɗinmu yake kai, yana ajiye kwafin ɗan ɓangaren farko na faifai a can ƙarshensa, kuma akwai manhaja ta kyauta mai suna TestDisk da sau da yawa take iya ɗauko kwafin ta gyara wanda ya lalace, komai ya dawo da sunansa a foldarsa. Da-na-sani ƙeya ce.

Yanzu sai dai a bi ɗaki-ɗaki. Ya yi amfani da wata manhajar kyauta, PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya ƙirƙira tare da TestDisk. Ita ba ruwanta da rajista. Tana karanta faifan ne daga farko har ƙarshe tana neman alamomi, domin kowane irin fayil yana da hatimin da yake farawa da shi: hoto da nasa, takardar PDF da nata, sauti da nasa. In ta ga hatimi sai ta kwaso abin da ya biyo baya. Akwai wasu manhajojin masu irin wannan aiki, kamar Recuva. Sharaɗi mafi girma shi ne, duk abin da aka ceto a wani faifai daban za a zuba shi, domin in aka mayar da shi cikin wanda ake ceto daga gare shi, zai danne sauran da ba a kai ga cirowa ba. Dole na ari wani ekistanal a wurin abokina. Aikin ya fara da la'asar, bai ƙare ba sai washegari da hantsi, kuma sai da na sayi man janareta saboda an ɗauke wuta cikin dare.

Abin da ya fito ya kusa sa ni kuka. Fayiloli ne dubbai, babu mai sunansa na asali, kowanne sai harafi da jerin lambobi, kuma babu folda mai suna Gida. Dare uku na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na ga hotunan Yaya da abokansa a dajin Kamuku sanye da kayan makaranta. Na ga Baba ranar sallah a ƙofar gidanmu na ƙauye, gidan da yanzu babu shi. Wasu hotunan rabi ne kawai, sama akwai fuska, ƙasa toka-toka. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, na buɗe wani hoto sai ga rubutun ajami da hatimin dagaci. Na tashi na yi sujada a kan simintin ɗaki, abokan kwanana suka farka suna tambaya ko lafiya.

Hoton takarda ba ya zama ainihin takarda, amma ya nuna sunayen shaidu huɗu, kuma biyu suna raye. Aka kira su gaban dagaci, aka karanta abin da aka rubuta, suka tuna da tsamiya da kwarin da aka ambata a matsayin iyaka. Maƙwabcinmu ya gamsu, aka yi musabaha. Daminar nan Yaya ya shuka masara.

Muryar Kaka ce ba ta dawo duka ba. A cikin naɗi uku, ɗaya ya fito lafiya. Na biyu yana tafiya har minti na goma sha ɗaya, tana cikin lissafo 'ya'yan kakan Baba, sai ya yanke. Na uku, wanda Yaya ya ce a ciki ta ba da labarin yadda aka sari ƙauyenmu, ba mu same shi ba sam. Wani fim da ko kallonsa ban yi ba ya zauna a kansa. Babu mai gyaran da zai iya dawo da shi, kuma wadda ta san labarin tana kabari.

Abubuwan da ya kamata ku sani

Na farko, ku san abin da kuke riƙe da shi. A cikin irin wannan ekistanal akwai faifai mai santsi da yake juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. A samansa akwai wani ɗan hannu da yake karatu da rubutu da maganaɗisu ba tare da ya taɓa faifan ba, kuma silin gashin kai ya fi tazarar da ke tsakaninsu kauri sau dubbai. Shi ya sa ba a motsa shi ko buga shi yana cikin aiki. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan ma'ajiya a 1956. Tana da faifai 50, nauyinta ya kai kusan tan guda, kuma abin da take ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, wato kamar hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Namu da yake shiga aljihu ya ninka ta aƙalla sau 200,000. Idan kuma kun sayi mai terabayit ɗaya kuka ga kwamfuta ta nuna giga 931, ba cutarku aka yi ba. Masu ƙerawa suna lissafi da 1,000, Windows kuma tana yi da 1,024.

Na biyu, kada ku fizge waya. A ƙasan allon kwamfuta ta dama akwai 'yar alamar cirewa lafiya. Ku danna ta, ku jira kwamfuta ta ce an gama, sannan ku cire. Daƙiƙa biyar ne, kuma su na ƙi jira.

Na uku, fomatin ba abin tsoro ba ne idan an yi shi a kan sani. Ana yinsa ga sabon faifai, ko wanda aka riga aka kwashe komai daga cikinsa. Kwamfuta za ta tambaye ku tsarin da kuke so. FAT32 tsoho ne, kusan kowace na'ura tana karanta shi, har rediyon mota da talabijin, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. NTFS na Windows ne, ya fi jure katsewar aiki, sai dai kwamfutar Apple tana karanta shi ne kawai, ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Shi kuma exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, yana aiki a Windows da Apple duka, kuma yana ɗaukar manyan fayiloli. Kafin ku danna, ku duba harafi da girman faifan sau biyu, don mutane da yawa sun share wanda ba shi suka nufa ba.

Na huɗu, idan kwamfuta ta nemi ku yi fomatin alhali kun san akwai kaya a ciki, ku danna kansul. Ku gwada wata wayar, ku gwada wata kafar, ku gwada wata kwamfutar. In saƙon bai daina ba, ku cire ku ajiye, ku nemi wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata. In kuwa kun riga kun goge ko kun yi fomatin, ku daina amfani da shi nan take.

Na biyar, in ya faɗi ƙasa ko yana ƙas-ƙas, ciwon a jikinsa yake, kuma manhaja ba ta maganinsa. Duk jonawar da kuka ƙara tana iya ƙara karce faifan. Kada ku kwance shi, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata shi, kuma ƙwararru a ɗaki na musamman marar ƙura suke buɗewa, da tsada sosai. Kada kuma ku sa shi a firji kamar yadda wasu suke cewa, raɓa ce za ta shiga.

Na shida, ba duk ɓacewa ce gogewa ba. Akwai bairos da ya yi yawa a shagunan turi da na buga takardu, wanda yake ɓoye foldodi ya bar gumakan bogi masu 'yar kibiya a madadinsu. Kayanku suna nan. Alamar ita ce kwamfuta za ta nuna faifan a cike yake duk da ba ku ganin komai. Kada ku danna gumakan, kada ku yi fomatin. A wanke shi da manhajar kashe bairos, sannan a bayyana ɓoyayyun foldodin.

Na bakwai, kada labarina ya sa ku ɗauka komai yana dawowa. Sababbin ma'ajiyoyi da ake kira SSD ba su da faifai mai juyawa, kuma da yawansu suna share abin da aka goge da kansu ba da jimawa ba. Haka wayoyin zamani, in aka mayar da su yadda suka fito daga kamfani, da wuya a sake ganin abin da ke ciki.

Na takwas kuma maganar sirri ce, musamman ga ƙannena mata. A cikin abin da muka ceto har da hotunan fasfo da takardun mutanen da suka zo shagon Yaya shekaru da suka wuce, waɗanda ya ɗauka ya goge tuntuni. Mun share su gaba ɗaya, don amana ce. Amma ku yi tunani: da a hannun marar tsoron Allah suka faɗa fa? Kafin ku sayar ko ku bayar da filash, memori ko ekistanal, ku yi masa cikakken fomatin, wato ku cire alamar da ke kan zaɓin gaggawa. Tun daga Windows Vista, cikakken fomatin yana bin faifan duka yana rubuta sifili a kai, shi ya sa yake ɗaukar awoyi. In kuma za ku kai gyara, ku je da babba, ku zauna a wurin.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce

Da na koma gida hutu na ba Yaya haƙuri a gaban Inna. Ya ce laifin namu ne mu biyu: ni na danna, shi kuma ya shekara guda yana sane cewa kwafi ɗaya ya rage bai yi na biyu ba. Inna ba ta gane zancen fomatin ba, amma ta ce ko a ƙauye mai hankali ba ya zuba irin shuka duka a rumbu ɗaya, yakan kai wani ɗaki ya rataye.

Manyan kamfanoni ma sun taɓa shiga irin wannan. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin katun mai suna Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin, kuma da aka duba ajiyar kamfanin sai aka tarar ta samu matsala. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da take aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999.

Masana suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da yake da muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Mu mutanen Birnin Gwari ba sai an yi mana dogon bayani kan na ƙarshen ba, mun ga yadda gida yake tafiya da duk abin da ke cikinsa a dare ɗaya. Yanzu foldar Gida tana wuri uku: a ekistanal ɗin Yaya, a filash da yake wurin Gwaggonmu a Kaduna, da kuma Google Drive, inda kowane mai adireshin Gmail yake da giga 15 kyauta. Takardun gida duka ba su cika giga ɗaya ba. Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar da aka ware a duniya don tuna wa mutane su yi wa bayanansu kwafi, mu ma mun sa ta a matsayin ranar da za mu riƙa buɗe kowane kwafi mu tabbatar yana aiki.

Ga aikin gida da zan ba ku, ba sai kuna da kwamfuta ba. A hutun nan ku ari wayar Yaya ko ta Anti, ku ɗauki hoton takardar haihuwarku, da sakamakon jarrabawarku ta aji uku, da duk takardar gida ko gona da iyayenku suka yarda ku ɗauka. Sannan in kuna da kaka ko kakan da yake raye, ku zauna kusa da shi ku kunna naɗar murya, ku tambaye shi daga ina aka zo, wa ya haifi wa. In kun gama, ku ajiye a wuri biyu tun a ranar, kada ku ce sai gobe.

Ni har yanzu nakan kunna naɗin nan na biyu. Kaka takan kai kan suna na huɗu a cikin 'ya'yan kakan Baba, ta ja numfashi za ta faɗi na biyar, sai sautin ya tsaya. Mun tambayi dattawan da suka rage, biyu sun ba mu suna daban-daban, kuma babu wanda ya tabbatar.

Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya zaunar mana da Birnin Gwari da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Sai mun haɗu a wani makon.